F Ɗaya a Fiziks: Lamarin Autar Yayata da Neman Gurbin Likitanci

Shekara 22 ke nan ina koyar da Kemistiri a makarantun sakandare a cikin garin Katsina, kuma babu shekarar da wani uba ba ya tare ni a ƙofar makaranta ko bayan an sallame isha'i da tambaya iri ɗaya: yaro ya nemi likitanci, jami'a ta ba shi wani kwas ɗin kimiyya, ya karɓa ko ya jira baɗi? Na daɗe ina ba da amsar da kowa ke bayarwa: ya karɓa, in ya dage a aji ɗaya sai ya canza. Yanzu na daina. Abin da ya hana ni shi ne lamarin ɗiyar yayata, wadda duk gidan ke kira Auta. Da yardarta nake wannan rubutu, kuma takardun sakamakonta suna gabana, don kada in kawo maki da ka.

Asalin lamarin

Auta ta tashi a Ƙofar Sauri. Mahaifinta yana da rumfar atamfa a Babbar Kasuwa, bai yi boko mai zurfi ba, amma bai taɓa yi wa karatun 'ya'yansa ƙwauron kuɗi ba. Tun tana ƙaramar sakandare ake ce mata Dakta a gida, har kakarta ta fara kai mata ƙarar ciwon gwiwa.

Ta gama sakandare a 2017 tana da shekara 17. Sakamakonta na WAEC, a zama ɗaya: B2 a Bayoloji, B3 a Kemistiri, C4 a Turanci, C5 a Lissafi, C6 a Fiziks. Kiredit biyar ɗin da likitanci ke buƙata ke nan, sun cika. Sai dai C6 ɗin nan ita ce kiredit ta ƙarshe, daga ita sai faɗuwa ƙasa da abin da ake nema, kuma akwai labari a bayanta. Makarantarsu ta yi fiye da shekara babu tsayayyen malamin Fiziks, sai ɗan bautar ƙasa ya zo ya tafi. Da hadda ta ci jarrabawar. Na san haka a lokacin, ban ɗauke shi da muhimmanci ba.

A JAMB ta samu 238 cikin 400. A gida aka yi ta murna, don a unguwar ba a cika jin wanda ya haura 200 ba. Ta nemi likitanci a wata jami'ar tarayya a nan Arewa, ta je ta zauna jarrabawar tantancewa. Jerin farko ya fito babu sunanta. Jeri na biyu ya fito da sunanta, amma a Bayokemistiri.

Iyaye da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin zalunci ko rashin hanya. Ba na cewa ba a taɓa yin son kai ba, amma babban dalilin lissafi ne. Hukumar da ke kula da aikin likita a Nijeriya, MDCN, ita ke yanke wa kowace tsangayar likitanci adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta. Jami'ar da ta zarce adadin tana jawo wa kanta hukunci, ɗalibanta kuma su shiga matsalar rajista. Don haka sashen Bayokemistiri ko Maikurobayoloji zai iya ƙara kujeru, tsangayar likitanci ba za ta iya ba. A jami'o'in tarayya kuma ana raba gurabe ne kashi 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a boko. Katsina tana cikin wannan rukuni na ƙarshe, abin da ke sa wasu iyaye su saki jiki. Sun manta cewa a cikin kason ma da 'yan Funtuwa da Daura da Malumfashi masu 270 da 280 yaro zai kara.

Da daddare aka kira ni gidan. Yaya ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Alhaji, mahaifin Auta, ya ce, “Malam, kai ne ka san harkar. Ta tafi, ko ta zauna ta sake?” Na ce ta tafi, zaman gida ba ya ƙara wa yarinya komai, kuma Bayokemistiri ɗan'uwan likitanci ne, darussan aji ɗaya ma kusan iri ɗaya ne, in ta fito da maki mai kyau sai ta cike fom ɗin canji. Auta ta ce, “Kawu, ana yarda kuwa?” Na ce ana yarda. Ban tambayi ko da mutum ɗaya a jami'ar ba kafin in faɗi haka.

Zangon da ya yanke hukunci

Wanda aka ba gurbi a jeri na biyu a makare yake shiga. Wannan shi ne abu na farko da ban lissafa ba. Kafin a biya kuɗi, a gama rajista, a samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai, an yi mako shida ana lakca. Ta isa a watan Janairun 2018, ta tarar an riga an yi tes ɗin farko na Fiziks, mai maki 15. Ba a maimaita wa kowa ba. Ajin kuma ɗaruruwan ɗalibai ne a babban zaure, wanda bai zo da sassafe ba daga baya zai tsaya yana hangen allo.

Ga wanda bai san yadda ake lissafin ba, ga shi a taƙaice. A yawancin jami'o'inmu 70 zuwa sama A ce, tana da maki 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, maki 4. 50 zuwa 59 C, maki 3. 45 zuwa 49 D, maki 2. 40 zuwa 44 E, maki 1. Ƙasa da 40 F, babu komai. Kowane kwas yana da nauyinsa, wanda ake kira yunit. Ana ninka makin harafin da yunit ɗin kwas, a tara duka, a raba da jimillar yunit. Abin da ya fito shi ne GPA na zangon, in aka haɗa duk zangunan da aka yi kuma ya zama CGPA.

Yunit 18 ta ɗauka a zangon farko. Manyan kwasa-kwasan huɗu, masu yunit uku-uku, su ne suka ja ta ƙasa: B a Bayoloji, C a Kemistiri, D a Lissafi, F a Fiziks. A Fiziks ɗin ta samu 9 cikin 30 na aikin zango, da 27 cikin 70 na jarrabawa, jimilla 36. Inda ta yi fice shi ne Turanci, A, da darasin kwamfuta, B, amma yunit bibbiyu ne. Firatikal ɗin Kemistiri B, na Fiziks C, yunit ɗai-ɗai. In ka tara za ka samu 52, ka raba da 18, ya ba ka 2.89.

Sakamakon bai fito ba sai da zango na biyu ya yi nisa. Ta kira ni tana kuka, na ba ta baki, na ce akwai sauran zango, ta ƙara ƙaimi. Ta kuwa ƙara: 66 cikin yunit 18, wato 3.67. Shekarar ta tashi a 118 bisa 36, CGPA 3.28.

A shekarar, sanarwar da aka liƙa ta ce mai neman canji zuwa likitanci sai yana da 4.50 zuwa sama, babu kari-oba ko ɗaya, wato kwas ɗin da aka faɗi za a sake, kuma cika sharaɗin ba ya nufin samu, sai in gurbi ya ragu. Sai a lokacin na ɗauki biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun da farko. Da a ce ta ci A a kowane kwas na zango na biyu, 90 ke nan, a haɗa da 52 ya zama 142, a raba da 36: 3.94. Ko da babu sharaɗin kari-oba, ba za ta kai ba. Da a ce Fiziks ɗin C ta ci maimakon F, zangon farko zai zama 3.39, da A duka a na biyu a tashi a 4.19, har yanzu da saura. Ashe ƙofar ta rufe tun wata uku da isarta makarantar, ni kuma ina ta ce mata ta dage. Mai son 4.50 a ƙarshen aji ɗaya, tun makon farko yake fara tara ta. B uku a manyan kwasa-kwasai kowane zango ya isa ya sa shi a bakin gaɓa. Wanda ya shigo a mako na bakwai da Fiziks ɗin hadda, kusan a ce an gama da shi tun bai zauna ba. Wasu jami'o'in ma ba sa buɗe wannan ƙofa ta canji sam.

Kada a ɗauka waɗanda aka ba likitanci kai tsaye sun tsira. Su ma aji ɗaya a tsangayar kimiyya suke yinsa, su zauna Fiziks da Kemistiri da Bayoloji tare da kowa, kuma da makin waɗannan darussa ake tace su kafin aji biyu. A harkar likitanci 50 ce makin ci, ba 40 ba. Akwai wani ɗalibina da ya shiga da JAMB mai kyau ƙwarai, ya ci 47 a kwas ɗin Kemistiri ɗaya, aka mayar da shi Anatomi. Da wannan D ɗin a wani sashen zai wuce abinsa lafiya lau. Kuma in ka duba, guraben da masu neman canji ke hari, na irin waɗannan yaran ne da aka zubar.

Ga kuma abin da ya fi ci mini rai. Ƙawar Auta, 'yar ajinsu a sakandare, ita ma an ba ta wani kwas ɗin kimiyya a shekarar. Ta karɓa, ta tafi, amma ta sake sayen fom ɗin JAMB tana aji ɗaya, ta zauna a 2018, ta samu 276, ta ajiye kwas ɗin ta koma aji ɗaya a likitanci. Shekara ɗaya ta yi asara. Yanzu tana ajin ƙarshe, tana zagayen ɗakunan majinyata da farar riga. Ba na cewa kowa ya sake JAMB zai dace. Na san yaran da suka zauna sau huɗu suna zaune a gida har zuciyarsu ta mutu. Amma wannan hanya ta riƙe abin da ke hannu a kuma sake jefa ƙugiya, kuɗin fom kawai za ta ci mana, kuma ko a raina ban kawo ta ba.

Hawa daga 3.29

Aji biyu ya zo mata da sanyin jiki. Ta sake Fiziks ɗin ta ci C, amma a tsarin jami'arsu, kamar jami'o'inmu da yawa, F ɗin farko ba ta gogewa: yunit ukunta suna nan cikin abin da ake rabawa da shi har ranar gamawa. Ta ɗauki yunit 39 ta tara 129. Jimilla 247 bisa 75, wato 3.29. Tana zuwa aji ne kawai don kada a ce ba ta je ba.

A hutun ƙarshen shekarar na same ta a ɗakin Yaya, na ce ta ɗauko takarda. Akwai ƙofa ta biyu, wadda ake kira DE, inda mai digiri a kimiyya ke neman shiga likitanci daga aji biyu, ya yi shekara biyar maimakon shida. Mafi yawan jami'o'i ba sa duba takardar mai digiri sai yana da aƙalla tu-wan, wato CGPA 3.50 zuwa 4.49. Daga 4.50 fas-kilas ne, daga 2.40 zuwa 3.49 tu-tu. Tana cikin tu-tu ke nan. Saura mata yunit 72, jimillar karatun zai zama 147. Don ta kai 3.50 tana buƙatar 515, tana da 247, saura 268. A raba da 72, ya ba da 3.72 a kowane zango. Na ce, “Kin taɓa cin 3.67 a zangon da kike kuka. Wannan ba ta fi ƙarfinki ba.” Ta yi shiru tana kallon takardar, sannan ta ce, “Fas-kilas fa, Kawu?” Muka lissafa tare: ko A ta ci a komai daga nan har ƙarshe, 607 bisa 147, 4.13. Ba ta ce komai ba, ta ninke takardar ta sa a jaka.

A nan yarinyar ta ba ni mamaki. Aji uku ya faɗo cikin 2020, ga korona ga yajin aikin malaman jami'a, aka rufe makarantu kusan shekara. Ta mayar da zaman ya zama karatu, tana bin hanyoyin sarrafa sukari da maiƙo a jiki tana zana su a bayan kwalayen atamfar mahaifinta. Da aka koma ta tara 148 a yunit 36, wato 4.11, CGPA ya hau 3.56. Aji huɗu ma yajin aikin 2022 ya raba shi biyu, daga Fabrairu zuwa Oktoba, amma ta fito da 153, wato 4.25. Ta gama a farkon 2023 da 548 bisa 147: 3.73, tu-wan. Duba yadda abin yake: shekara biyu tana cin sama da 4.00, amma abin da ta iya ɗaga CGPA ɗinta bai kai rabin maki ba. Yadda yunit ke taruwa, haka kowane sabon sakamako ke rage tasiri, tsohon kuma yana nan daram.

Wani abokin aikina da ƙanensa ke Amurka yakan ce ai can ba haka ake yi ba. Gaskiya tsarin ya bambanta, amma ba ta inda yake zato ba. A Amurka ba a shiga makarantar likitanci daga sakandare, sai an gama digirin farko. Cibiyar da ke karɓar takardun nema, AMCAS, tana ware makin Bayoloji da Kemistiri da Fiziks da Lissafi ta lissafa shi daban da na sauran darussa, don kada A ɗin da mutum ya ci a tarihi ko adabi ta rufe raunin kimiyyarsa. Ma'auninsu 4.0 ne, kuma matsakaicin waɗanda ake ɗauka yana sama da 3.7. Kwas ɗin da aka faɗi aka sake, duka biyun ake lissafawa, kamar dai F ɗin Auta. Inda suka fi mu sassauci shi ne suna da jarrabawar MCAT, mai maki har 528, da hira da wasiƙun malamai, kuma kwamitoci suna lura da ɗalibin da ya fara da rauni ya yi ta hawa. Da irin wannan ido aka dubi takardar Auta, da an ga 3.28, 3.31, 4.11, 4.25 a jere, an fahimci wani abu. A nan lambar ƙarshe ake fara dubawa, sannan a nemi inda aka faɗi.

Ƙofa ta biyu

Ta yi bautar ƙasa daga 2023 zuwa 2024, ta sayi fom ɗin DE a 2024. Wannan karon na yi tambaya kafin in buɗe baki. Abin da na gano bai yi mini daɗi ba, na kuma faɗa mata. Aji biyu a likitanci na waɗanda suka hauro daga aji ɗaya ne. Abin da ya rage a adadin da MDCN ta yanke shi ake raba wa 'yan DE, kuma ba ya da yawa. A kan wannan ɗan ragowar akwai masu IJMB, shirin share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, da masu JUPEB, wani shirin irinsa, wasunsu da A uku a Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Akwai masu fas-kilas a Anatomi da Fisiyoloji da Bayokemistirin kanta. Tu-wan tana ba ka damar shiga layi ne kawai, kuma layin tu-wan dogo ne: mai 3.73 da mai 4.40 suna amsa suna ɗaya, amma ba wuri ɗaya suke tsaye ba.

Aka nemi ta kawo taranskirif, wato takardar da ke ɗauke da kowane kwas da makinsa tun daga ranar farko. A shafin farko, layi na biyu, ga F a Fiziks, ƙarƙashinta D a Lissafi. A takardar WAEC ga C6 a Fiziks ɗin dai. Mai tantancewa da ke da takardu jibge a gabansa da gurabe 'yan kaɗan, dalilin ajiye takarda yake nema, kuma tata ta ba shi har guda uku a darasi kusan ɗaya. Ba ta samu ba. A ganina ba a zalunce ta ba, ko da yake na yi imani da an ɗauke ta da ta fi da yawa daga cikin waɗanda aka ɗauka, don jarrabawar da ke kayar da 'yan likitanci bayan aji biyu Anatomi ce da Fisiyoloji da Bayokemistiri, ita kuma ta sha ɗaya daga ciki har ta ƙoshi.

Ta dawo gida ta kama koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin da kyar yake isarta kuɗin keke-napep da sabulu. Alhaji ya zaci da digirinta za ta iya aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti. Sai da na yi masa bayanin cewa wannan aikin yana da nasa digirin da nasa lasisin, Bayokemistiri ba ta ba da shi.

Muka sake zama a tabarmar nan. Hanyoyi huɗu ne a gabanta. Ta sake DE, da takardun da ba za su canza ba. Ta tafi waje, Masar ko wata ƙasar, abin da faɗuwar darajar naira tun 2023 ta fitar daga ƙarfin rumfar atamfa. Ta haƙura ta yi digiri na biyu a fanninta, ta nemi koyarwa a jami'a. Wannan ni na fi karkata gare shi, har yau kuma ina ganin hanya ce mai kyau, don mai 4.25 a ajin ƙarshe malama ce tun ba a ba ta allo ba. Ko kuma ta sake JAMB kamar 'yar sakandare, ta koma aji ɗaya, inda babu mai tambayar taranskirif. A wannan hanyar kaɗai F ɗin 2018 ba ta da bakin magana.

Yaya ta ce, “Auta, shekara shida fa. Sa'o'inki sun yi ɗaki, wasu da 'ya'ya biyu.” Alhaji ya juyo gare ni ya ce, “Malam, wancan karon kai ka ce ta tafi.” Bai ƙara ba, ban kuma amsa ba. Auta ta ce, “Baba, in na sake ban samu ba, na haƙura har abada. Sau ɗaya kawai.” Maganar aure ta taso kamar yadda za ta taso a kowane gida, an kuma daidaita ta, ba nan ne wurin bayaninta ba.

Wata biyar muka yi. Kemistiri da Bayoloji ba ta buƙaci kowa ba. Fiziks muka koma tun daga tushe, ni da wani abokin aikina da ke koyar da shi, kullum bayan la'asar a zauren gidana: yadda ake rarraba ƙarfi zuwa kwance da tsaye, dokokin Newton, lantarki, haske. Sai a lokacin na ga girman ramin da ke ƙarƙashin C6 ɗin nan. Mai digiri ce, amma ba ta taɓa gane dalilin da ya sa ake sa kosain a wani wuri sain a wani ba. Haddace su ta yi. Ranar da ta gane, ta ajiye biro ta ce, “Wannan ne ya kayar da ni? Wannan?”

A JAMB ɗin 2025, inda a sakamakon farko da aka fitar sama da mutum miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu ba su kai 200 ba, ta samu 291. Ta zaɓi wata jami'ar dabam, wadda C6 ɗinta ta WAEC ba za ta hana ta ba, kuma sunanta ya fito a jerin farko. Ranar da aka buɗe rajista ta biya, ranar da aka fara lakca tana layin gaba. Abubuwa ma sun ɗan sauya tun 2017: an ƙara wa makarantun likitanci gurabe, a nan gida Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana koyar da likitanci, tsohon asibitin FMC kuma ya zama asibitin koyarwa na tarayya. Yawan masu nema dai bai ragu ba.

Yanzu tana aji ɗaya, shekararta 25, 'yan ajin suna ce mata Anti suna kawo mata tambayoyin Kemistiri. Digirinta bai ɗauke mata ko kwas ɗaya ba, kuma sharaɗin da ya mayar da ɗalibina Anatomi yana kanta ita ma: 50 a kowane babban kwas, ko a sauya mata sashe. In komai ya tafi daidai, babu yajin aiki, za ta gama a 2031, ta yi shekarar sanin makamar aiki a asibiti. Bautar ƙasa dai ba za ta sake ba, sau ɗaya ake yi.

Makon jiya ta kira ni bayan magariba. “Kawu, an ba mu tes ɗin Fiziks. Ka san tambayar tsanin nan da aka jingina da bango? Ita suka kawo.” Ta ci 13 cikin 15. Jarrabawar zango saura mako uku. Na ce ta turo mini tambayoyin shekarun baya ta WhatsApp, mu bi su ranar Asabar bayan la'asar.